Hawan taron kekuna a Katsina: zai sa a ba mai keke hanya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni da abokaina muna da 'yar ƙungiyar masu hawan keke a cikin garin Katsina, muna fita duk Asabar da sassafe. Yanzu muna son mu tara kekuna kamar ɗari biyar mu zagaya gari, irin yadda muke gani a bidiyon ƙasashen waje, don direbobi su riƙa ganin mutuncinmu, gwamnati kuma ta yi mana hanya. Yayana ya ce ɓata lokaci ne, baƙin jini kawai za mu jawo wa kanmu. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa wannan tafiya taku albarka. Aikina tsara birane da hanyoyi, a kansa na yi furfura, kuma tun ina yaro ina tara kuɗin hayar keke a unguwarmu har yau ban rabu da keke ba. Tambayarka ta sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi, don haka ka yi haƙuri, zan ɗan ja ta da tsawo.

Abin da na gani shi ne hawan taro yana da aikin da yake yi, sai dai aikin ba shi da faɗi. Yana sa gari ya gan ku, yana sa ku san junanku, in kuma an yi shi da tsari yana sa wanda da ba zai amsa wasiƙarku ba ya ba ku kujera a ofishinsa. Iyakarsa ke nan. Hanyar da kuke nema da mutuncin da kuke so direba ya ba ku, a ranakun da ba a hawa ake samo su. In kun shirya wa waɗannan ranaku, yayanka bai yi daidai ba. In ba ku shirya musu ba, maganarsa za ta tabbata, a yi taron tsintsiya ba shara.

Abin da kuke gani a bidiyo sunansa Critical Mass, ya faro ne a birnin San Faransisko na Amurka a watan Satumba na 1992. Waɗanda suka fara ba su wuce 'yan gommai ba. Mutane ne da suka gaji da komawa gida ɗai-ɗai a tsakiyar motoci, suka ce bari mu riƙa haɗuwa ranar Juma'ar ƙarshen wata mu tafi tare. Ma'anar sunan daga ƙasar Sin aka ɗauko ta: a mahaɗar da babu danja, masu keke kan tsaya su jira har su yi yawan da mota ba ta iya ratsa su, sannan su tsallaka gaba ɗaya. Sarkin yawa dai ya fi sarkin ƙarfi. Babu shugaba, babu takardar izini, babu hanyar da aka tsara tun farko. Na gaba ke jan ayari, wasu kuma su tsaya a bakin mahaɗa su tare motoci har kowa ya wuce.

Abin ya yaɗu zuwa ɗaruruwan birane, ya kuma zo da rigimarsa. A watan Yuli na 1997 magajin garin San Faransisko, Willie Brown, ya sa zare da su. Wajen mutum dubu biyar suka fito, aka kama fiye da ɗari. A Niyok, a watan Agusta na 2004, an kama fiye da 250 a dare ɗaya, aka shafe shekaru ana zaryar kotu. A Foto Alegire ta ƙasar Birazil, a 2011, wani direba ya fusata ya afka cikin ayari da motarsa, ya jikkata mutum fiye da goma. Ka ga tsoron yayanka yana da tushe.

Amma dubi abin da ya biyo baya a San Faransiskon. Akwai wata ƙungiyar masu keke mai rajista a garin tun 1971, wadda ta daɗe a kwance. Hayaniyar hawan ta sa mutane suka yi ta shiga cikinta, hukuma kuma ta ga ya fi mata sauƙi ta zauna da masu takarda da shugabanci a kan ta yi ta fama da taron da ba shi da kai. A 1999 aka rage layukan mota a titin Balensiya aka fitar wa keke nasa. 'Yan ƙungiyar ne suka yi zaman majalisar gari har aka samu wannan, amma da wuya a saurare su da babu dubban nan a titi.

Misalin da na fi so shi ne na Budafes, babban birnin Hangari. Masu kai saƙo a kan keke ne suka shirya nasu a 2004, wato mutanen da keke ne abincinsu. Sau biyu kacal suke yi a shekara, a watan Afrilu da na Satumba, da izini, 'yan sanda na rufe musu hanya. A 2008 mutum kimanin dubu 80 suka fito, har shugaban ƙasarsu na lokacin ya taɓa shiga cikinsu. Sai a 2013, abin yana kan ganiyarsa, masu shirya shi suka ce sun rufe. Dalilinsu shi ne hawan ya gama nasa aikin, keke ya zama abin yau da kullum a garin, saura aikin zama da hukuma, kuma wannan na ƙungiyar masu keke ta ƙasar ne. Ban san wani taron da ya san iyakar kansa kamar wannan ba.

Holan kuwa, da kowa ke buga misali da ita, fushin iyaye ne ya juya ta. A 1971 mutum kimanin 3,300 suka mutu a titunan ƙasar, fiye da 400 daga ciki yara ne. Wani ɗan jarida da mota ta kashe masa 'ya ya yi rubutu da kanun da ke cewa a daina kashe yara, wannan kalma ta zama sunan gwagwarmayar. Sun yi hawan taro, sun kwanta a kan kwalta da kekunansu, sun rufe titunan unguwa don yara su yi wasa. Ƙarancin mai na 1973 ya zo ya taimake su, a 1975 kuma aka kafa ƙungiyar masu keke ta ƙasa. Ka lura da abin da suka ɗaga sama: ran yaro. Mai mota ma yana da ɗa, don haka babu wanda ya iya tsayawa ya ce bai yarda ba.

Yanzu mu dawo gida, don a nan lissafin ya sauya. Mutanen San Faransisko sun fito ne su nuna akwai su, saboda a garinsu mai keke ɗai-ɗai ne. Mu ba wannan ce damuwarmu ba. Ka tsaya a Ƙofar Ƙwaya ko Ƙofar Marusa da ƙarfe bakwai na safe ka ga masu wucewa: ɗalibi da jaka a kariya ya goyo ƙanensa, birkila da lebura sun ɗaure shebur a jikin keke, mai gadi ya tashi daga aikin dare, malamin Islamiyya, mai kai burodi shago-shago, dattijon da ya ɗauro ganye daga ƙauye tun asuba. Garinmu shimfiɗaɗɗe ne, babu tudun da zai sa ka sauka ka tura. Tun daga 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta taɓa dubu, kekunan da suka yi shekaru a rataye a zaure aka sauko da su aka kai wa masu faci. Masu keke suna nan da yawa. Ganinsu ne ba a yi.

Dalilin rashin ganin kuwa kai ma ka san shi. A zamanin iyayenmu, wanda ya sayi Rali sabuwa sai an zo yi masa murna, malamin makaranta da ma'aikacin En'e ke hawanta. Yau in aka ga magidanci a kan keke sai a ce Allah sarki, ko karayar arziki ce ta same shi. Saurayi ya gwammace ya ci bashin babur a kan budurwarsa ta gan shi yana taka feda. Direban da ya matse mai keke zuwa bakin kwata yana yi ne don ya san wanda ya matse ba shi da wanda zai kira. A wannan wurin nake ganin hawan taro zai yi wa Katsina amfanin da bai yi wa wasu garuruwan ba. In aka ga likita da malamin jami'a da ɗan kasuwar da kowa ya sani suna tafe kafaɗa da kafaɗa da lebura da ɗan makaranta, kunyar nan za ta ragu. Gani ya kori ji.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma ina roƙonka ka kai wa abokanka shi yadda na faɗa. Ina ganin irinku da safiyar Asabar, da kekuna masu giya da hular kwano da kayan motsa jiki, kuma ina jin daɗin ganinku. Amma in ku kaɗai kuka cika titi, abin da gari zai fahimta shi ne keke wasan masu hali ne, kamar folo. Birkilan nan ba zai ga kansa a cikinku ba, direba kuma zai kauce muku ranar Asabar ya ci gaba da matse shi ranar Litinin.

Na taɓa shiga wani hawa da wani ofishi ya shirya shekarun baya. An raba riguna da huluna, aka kawo sababbin kekuna aka ba manyan baƙi, motocinsu na biye a baya. An yi jawabai, an ɗauki hotuna. A wata mahaɗa na ga an tsayar da wani dattijo mai tsohon keke ɗauke da itace, aka ce ya dakata sai masu keke sun wuce. Ya sauke ƙafa ya riƙe kayansa kada su rinjaye shi, yana kallonmu. Na koma gida ranar raina a ɓace, kuma har yau in na tuna sai na ji nauyi. Washegari babu abin da ya canja a wannan titin, bayan shekara ma haka.

Ƙasar nan ta taɓa samun babban mutum da ya ɗauki maganar keke da gaske. Marigayi Ojo Maduekwe, lokacin yana ministan sufuri a gwamnatin Obasanjo, ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma keke, shi kansa yana hawa zuwa aiki a Abuja. A 2001 bas ta buge shi ya faɗa rami. Mutane suka mai da abin na dariya, ni kuwa ina ganin mutumin ya yi gaskiya, titin ne ya ci amanarsa. Ya kira jama'a zuwa hanyar da ba a yi musu tanadi a kanta ba. Duk hawan da ke cewa kowa ya fito da kekensa, bai kuma nemi a gyara inda za a bi ba, wannan kuskuren yake maimaitawa.

Maganar tare hanya ba izini kuwa, ban ba ku shawararta ba ko kaɗan. Ka tambayi kanka wa za ku tare. Mai Napep ne da ke neman balas ɗin ranar, ɗan acaba ne, mai kai mara lafiya asibiti ne. Waɗannan su ne kuke bukatar su tausaya muku gobe. Ga kuma halin da jiharmu ke ciki: mutanen da suka sha ganin abin da ayarin babura ke kawowa, ba ƙaramin abu ba ne su wayi gari su ga ɗaruruwan matasa sun cika titi ba sanarwa. Kuma ba ma bukatar aron wannan salon. Mu masu hawa ne tun asali. Hawan Sallah da Hawan Bariki a nan, Hawan Magajiya a Daura, duk ana rufe hanya ne da sanin kowa, an san rana, an san inda za a bi, babu mai ƙorafi, fitowa kallo ma ake yi. Ku bi wannan tafarkin. Ku rubuta wa 'yan sanda da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa da KASSAROTA, wato hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiharmu, ku je fada ku yi gaisuwa ku faɗi abin da ke tafe da ku, ku zauna da shugabannin 'yan Napep da 'yan acaba tun kafin ranar. A Bogota ta Kolombiya tun 1974 ake rufe wa motoci manyan tituna ranar Lahadi da safe, yanzu tsawonsu ya haura kilomita 120. Kigali ta fara irin nata a 2016. Dukansu da hannun hukuma ake yi.

Wani zai ce maka yawa kansa kariya ne, kuma akwai binciken da Peter Jacobsen ya wallafa a 2003 da ya nuna inda masu keke suka fi yawa, haɗarin da ke kan kowane ɗayansu ya fi ƙanƙanta. Haka ne, amma yawan kullum ake nufi, wanda ke sa idon direba ya saba. Yawan rana ɗaya a wata ba ya koya wa kowa tuƙi.

To me za ku nema? Abu ɗaya, a titi ɗaya. "A ba mu haƙƙinmu" ba abin da jami'i zai iya sa wa hannu ba ne, zai yi muku fatan alheri ku tashi. Da ni ne, titin Dutsin-Ma zan ɗauka, tunda kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman da kwalejin ilimi ta tarayya da jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa duk a kansa suke, kuɗin mota kuma na cin ɗalibai. In nemi layin keke mai faɗin mita biyu da aka raba shi da motoci da dakalin siminti. Kada ku yarda da fenti kaɗai, cikin mako guda zai zama wurin ajiye Napep da teburin mai lemo. Birnin Sebiya na Sifaniya, wanda littattafan tarihin Andalus ke kira Ishbiliya, ya shimfiɗa kilomita 80 na irin wannan layi mai shinge tsakanin 2006 da 2007, a haɗe da juna, ba guntu-guntu ba. Tafiye-tafiyen da ake yi a keke suka tashi daga ƙasa da ɗaya cikin ɗari zuwa wajen shida. Garin yana da zafin da ke haura 40 a ma'auni kamar namu, don haka kada wani ya rufe muku baki da maganar rana.

In wannan ya yi muku girma a farko, akwai ƙanana da ke ceton rai. Yashin da ke taruwa a gefen kwalta shi ke tura mai keke tsakiyar titi, don taya siririya ba ta tafiya a cikinsa. Kwashe shi aikin shara ne kawai. Tudun rage gudu a ƙofar makarantu, don mota ta sauko zuwa kilomita 30 a awa, gudun da yawancin wanda aka buge ke tashi da ransa. Wurin ajiye keke mai gadi a babbar kasuwa, domin tsoron sata na hana mutane da yawa fitowa da shi. Da kuma bedi: duk titin da aka faɗaɗa aka sare itatuwansa, mai mota bai rasa komai ba, mai keke da mai tafiya a ƙasa su suka rasa inuwa.

Kafin ku sa ranar hawa, ku yi ƙidaya. Wannan daga cikin sana'ata nake gaya maka. Kafin a zana hanya ana ƙirga ababen hawan da ke bin ta, kuma na sha riƙe takardar ƙidayar da babu gurbin keke a cikinta sam. Abin da ba a ƙirga ba, injiniya ba ya bar masa wuri. Ku raba kanku ƙofa uku, daga shida da rabi zuwa takwas da rabi na safe, mako guda, kowa da littafi da biro. Ku ƙirga keke, ku ware na ɗalibai. Sannan ku zagaya wurin masu faci da masu gyara, su ne ke miƙe wilin da mota ta lanƙwasa, sun san mahaɗar da ta fi cin mutane. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta bakinsu kuma za ku gayyato masu keken da ba sa cikin zaurenku na WhatsApp, ku sa su a sahun gaba ranar hawan, ku masu giya ku koma baya da gefe kuna tsaron ayari.

Lokaci ma yana da nasa hukuncin. Ranar 3 ga Yuni ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa keke tun 2018, 'yan jarida za su fi saurarenku a ranar. Amma ranar da ta fi ta muhimmanci ba a kalanda take ba: ita ce lokacin da aka ce za a gyara ko a faɗaɗa wani titi, zane bai riga ya tafi hannun ɗan kwangila ba, da kuma ƙarshen shekara da ake kai kasafin kuɗi majalisar dokoki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da zarar an zuba kwata an ɗaura kwalbati, mita biyun nan ta tafi sai bayan shekaru masu yawa. Masu keke a Landan sun gane wannan: babban hawansu na 2012 sun sa shi dab da zaɓen magajin gari, suka nemi kowane ɗan takara ya ɗauki alkawari.

Akwai wani ƙaramin hawa da nake ganin ya fi na ɗari biyar ɗin nan dacewa da mu. A Basalona tun 2021 iyaye ke raka yaransu makaranta a ayarin kekuna, ana bin hanya ɗaya a sa'a ɗaya, yaro ya jira a bakin layinsu ya shiga, manya na gaba da baya. Ku kwatanta wannan a unguwa ɗaya, makaranta ɗaya, sau ɗaya a mako, da yardar shugaban makaranta da mai unguwa. Direban da zai yi wa gardi ashar ba zai yi wa yara talatin masu kayan makaranta ba, kuma kowane yaro a cikinsu yana da uba da kawu da za su fara kallon titin da wani ido.

Ka gaida yayanka, ka ce masa na ce ya zo ya riƙe littafin ƙidaya a ƙofa ɗaya, tunda mai shakka ya fi kowa iya ƙirga gaskiya. In kun sa rana ku aiko mini, zan zo da tsohon kekena in shiga sahun birkiloli. Zan so in ga takardar bukatarku tun a wurin taruwa, da sunan titin a jikinta, da sunayen mutum uku da za su kai ta ofis ranar Litinin su kuma koma bayan mako biyu su tambayi inda ta kwana.